Gudun Habsu da Azumi a Baki

Ƙarar ruwa ce da aka mayar cikin randa. Ina ɗaki ina naɗe tabarmar sallar magariba sai na ji an ɗaga faifan da muke rufe randa da shi, an tsoma moɗa, an yi shiru, sannan aka juye ruwan inda aka ɗebo shi. Ranaku da yawa na aikina sun ɓace mini, amma wannan yammacin Laraba da Alhamis ɗin da ta biyo bayansa ban taɓa mantawa da su ba. Ku ƴan mata da ke riƙe da birorin makarantu, wato ofisoshinsu, yanzu kun sha tambayata yadda aikin yake a zamaninmu, na sha ba ku labaran dariya. Yau wanda ba na son bayarwa zan ba ku.

A farkon shekarun tamanin, zamanin soja, na yi shekara huɗu ina daktilo a wata kolej ta nan Adar, kafin ƴaƴa su yi yawa in koma gida gaba ɗaya. Daktilo ita ce mai buga takardu a mashin. Sama da kowa akwai Diraktar, ƙarƙashinsa sirbeyan mai kula da ladabin yara, sai malamai waɗanda kowa ke ce wa Mushe. Ni ina ƙaramin biro kusa da ƙofa, duk takardar da za ta shiga ko ta fita sai ta bi ta hannuna. Ba a tambayata ra'ayi, ni ma ban saba bayarwa ba.

Kolej ɗinmu ba ta da wurin kwana, saboda haka yaran ƙauye a gidajen mutanen gari ake sauke su. Haka Habsu ta zo hannuna. Ƴar ƙauyen Tama ce, ubanta mai garkar albasa ne a fadama. Ranar da ya kawo ta ya tsaya a zaure, bai ko yarda ya zauna ba, ya ce, "Madam, ga ɗiyata. Ni ban san boko ba, ke kin sani. Amana ta." Shekara huɗu tana gidana tana ce mini Inna. Siririya ce, mai dogayen ƙafafu, ba ta iya daka ba tare da waƙa ba. Lissafi ya ƙi ta ƙiri-ƙiri, kowa ya san da wuya ta ci birebe, jarrabawar gama kolej. Amma gudu, wannan Allah ya ba ta. Yarinyar da ta tashi tana bin awaki a duwatsu, filin kolej wasa ne a wurinta. Har maza ba sa son a haɗa su da ita, don kada a yi musu dariya.

Kowace shekara kafin jarrabawa, wani babban jami'in wasanni yakan fito daga Tawa ya zagaya makarantu yana gwada ƴan ajin ƙarshe. Wanda ya zaɓa akan tura shi Yamai a koyar da shi, ya fito malamin wasanni. Ga yaron da karatu bai karɓe shi ba, wannan babbar ƙofa ce, kuma sau ɗaya take buɗewa. Kowane ɗan takara sai an haɗa masa dosiye mai takarda huɗu: ta haihuwa, ta sakamakon karatu, ta yardar uba, da ta lafiya. In ɗaya ta ɓace, yaro ba ya shiga fili.

To, ga yadda muke yin takardar lafiya, kuma ina roƙonku ku saurara da kyau. Bisa ƙa'ida, majo, wato shugaban ma'aikatan likitar gari, asibitinmu ke nan, shi ne zai duba yaro sannan ya rubuta da hannunsa ko ya iya ko bai iya ba. Amma majo mutum ɗaya ne, marasa lafiya sun yi masa yawa. Sai aka saba daktilo ta buga takardun tun kafin ya zo, uku-uku da karbon, har da kalmar Faransanci ta ƙarshe, "apte", ma'ana lafiyarsa lau, ya iya. Haka na tarar ana yi, haka na ci gaba. Ranar Litinin ta makon gwajin majo ya zo, yara suka yi layi, ya ja fatar idon kowa, ya ce a fito da harshe, ya tambaya, "Lahiya lau?" Kowa ya ce lau. Ya sa hannu, ya buga hatimi, ya hau babur ɗinsa. Babu wanda ya tambayi yaro me yake ci ko me yake sha.

A wannan shekara watan Azumin Tsofaffi ya faɗo cikin Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙofar ƙarfe ba a taɓawa da rana. Ni na saba yin azumin nafila a cikinsa. Da Habsu ta ga gwaji ya matso, ta ce za ta bi ni. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi. Ni da bakina na ce mata Allah ba ya mayar da roƙon mai azumi, ta roƙi abin da take so. Muka yi Litinin, muka yi Talata, muka yi Laraba.

Ranar Larabar ce na ji ƙarar ruwan nan. Na leƙo, na gan ta tsaye gaban randa, moɗa ba komai a hannunta.

Na ce, "Ke Habsu, an sha ruwa tun ɗazu, ke mi ki ka jira?"

Ta ce, "Na kurɓa, Inna. Mushe Amadu ya ce ruwa shi ka kawo saihwa. Ya ce wanda ka son gudu shi rage ruwa tun kwana ukku."

Mushe Amadu shi ne malamin wasanni, saurayi mai himma, yana son yaran kamar ƙannensa. Saifa kuwa ita ce sukar nan da ke kama mai gudu a gefen ciki. Shi ma haka aka koya masa, bai faɗa da mugunta ba. Kuma bai san tana azumi ba. Ni na san tana azumi, yanzu kuma na san ko da an sha ruwa ba ta sha. Na dubi leɓunanta, sun yi fari sun tsage. Amma na ce a raina, Mushe ya yi karatun abin, ni mashin na sani. Na ce mata, "To, ki dai sha hura." Ta kurɓa sau biyu ta ajiye.

Da asubar Alhamis ta ce yau ma za ta ɗauka, ai yau ce ranar roƙon. Na yi lissafi: an ce gwaji ƙarfe bakwai na safe, da sanyi-sanyi, kafin rana ta ɗaga an gama. Na ce Allah shi karɓa.

Ƙarfe bakwai yara suna fili, an zana layuka da toka, an jera fararen duwatsu a kewayen. Aka fito mini da tebur ƙarƙashin itacen bedi, ni zan rubuta lokacin kowa, dosiyoyi a gabana. Maigadi ya kawo tulu biyu na ruwa. Mushe Amadu ya ce a kai su bayan aji a rufe, ba mai sha sai an gama. Baƙo bai zo ba. Takwas, tara, goma. Inuwar bedi tana janyewa, yara suna bin ta suna matsawa. Sirbeyan yana zagayawa da bulalarsa yana tsokanar su.

"Ina barewar Tama? Habsu, yau in kin bari ɗiyan birni sunka wuce ki, kada ki koma gida, albasa ma sai ta yi miki dariya!"

Yara suka kwashe da dariya. Ita murmushi kawai ta yi, na lura ba ta buɗe baki ba.

Sai bayan azahar motar gwamnati ta shigo. Ƙafarta ce ta fashe a hanyar Keita. Baƙon ya sauko da farar hula da agogon gudu a wuya, yana share zufa, ya ce wa Diraktar dole ya kwana Madawa, gobe da safe akwai wani gwajin a can. Awa ɗaya gare shi. A fara yanzu.

Ban san yadda zan kwatanta muku tsoron da ya shige ni ba. Rana tana tsakiyar ka, ƙasa tana huci, yaran da ba su da takalmi suna ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Cikin duk mutanen da ke filin nan, ni kaɗai na san abu ukun nan a haɗe: tana azumi kwana huɗu, ba ta shan ruwa ko da dare ya yi, kuma takardar da ta ce ta iya, yatsuna ne suka buga ta kafin kowa ya dube ta.

Na tashi na je wurin Diraktar, na rage murya. Na ce, "Mushe Diraktar, a yi haƙuri, ko za a bari sai la'asar? Habsu ba ta jin ƙarhi."

Ya dube ni ta saman tabarau. Mutum ne mai kirki, amma ranar hankalinsa yana kan baƙo, don rahoton baƙo har ofishin kumandan, mai mulkin yankin, yake zuwa. Ya ce, "Ba ta da lahiya? Mi takardatta ta ce?"

Na ce, "Apte."

"Majo ya sa hannu?"

"Ya sa."

"To, Madam, mi kuma?"

Baƙon ya jiyo mu. Ya ce cikin raha, "Madam uwa ta, uwaye kullum haka su ke. Ɗiyan Adar ne fa, cikin rana anka haihe su. Ki koma ga alƙalaminki."

Ban ce tana azumi ba. Na ji kunyar a ce wace irin mace ce wannan, mai boko, ta bar yarinya ta ɗauki azumi ranar gudu. Wannan kunyar ita ce babban laifina, kuma na daɗe ina neman gafarar Allah a kanta.

Aka fara da maza. Na lallaɓa wurin ƴan mata, na ja Habsu gefe, na riƙe hannunta. Hannun zafi rau, kuma a bushe, babu zufa ko ɗigo, alhali kowa a jiƙe yake. Na ce, "Ɗiyata, ko ki karya? Nahila ta, sai ki ranka wata rana. In ɗebo miki?"

Ta ce, "Inna, ba ke kinka ce Allah ba shi maida roƙon mai azumi ba? Saura kaɗan."

Na koma tebur. Dosiyenta yana sama. Na buɗe, na ɗora yatsa a kan takardar lafiyar. Da na zare ta na tura ƙarƙashin zanena, shi ke nan, ba dosiye ba gudu. Na san haka sarai. Amma na hango ta shekara huɗu tana tashi da asuba tana zagaya fili, na hango Diraktar yana tambayata ina takarda a gaban baƙo, na hango kaina ina bayani a ofishin kumandan. Baƙon ya miƙo hannu ya ce, "Na ɗiya mata." Na rufe na ba shi duka.

Metir ɗari takwas ne, zagaye biyu. Su shida suka jeru. Aka busa usur. Zagayen farko ta ba su rata mai yawa, yara suna ihu, "Tama! Tama!" Baƙon ya dubi agogonsa ya ɗaga gira, ya ce wa Mushe Amadu, "Wagga ina kunka ɓoye ta?" Ni ba agogo nake duba ba, ƙafafunta nake duba. Ina salati a zuci.

A tsakiyar zagaye na biyu na ga kanta ya fara lilo. Ta taka farin dutse, ta fita daga layi, ta nufi wajen katanga tana gudu kamar wadda ba ta ganin gabanta. Yara suka yi dariya, sun ɗauka ɓata hanya ta yi. Sai ƙafafun suka harɗe, ta kife da fuska, ba ta ko kai hannu ta tare ba.

Ban san lokacin da na tsallake tebur ba. Na tarar da ita idanu a juye, tana wani irin numfashi gajere-gajere, jikinta kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Mutane suka rufe mu. Wani ya ce iska ne, a kira malam. Mushe Amadu yana cewa a ɗaga ta ta taka, in ta taka za ta warware. Ni da ban taɓa ɗaga murya a kolej ɗin nan ba, na ji kaina ina ihu, "Ku ba ta iska! Ku kawo tulunan nan! Azumi ta ka yi, kwana huɗu ba ta sha ruwan kirki ba!"

Na ga fuskar Mushe Amadu ta sauya. Shi da kansa ya ruga ya ɗauko tulu a kafaɗa.

Muka ja ta inuwa. Na cire mayafina na tsoma, na shimfiɗa mata a ƙirji, na kwarara mata ruwa a ka da wuya da hammata, sirbeyan yana yi mata fifita da dosiyen wani yaro. Ina kiran sunanta, ina kiran sunan Allah. Abin da ke yawo a kaina kawai shi ne ubanta tsaye a zaurena, da yadda zan shiga Tama in dube shi. Ban san minti nawa aka yi ba. A wurina ya fi shekara.

Can ta motsa, idanun suka dawo, ta dube ni. Na ɗaga kanta na kai moɗa bakinta. Ta datse haƙora. Ta girgiza kai a hankali, ta ce da wata murya da ba tata ba, "Rana ba ta hwaɗi ba."

Ni ma da azumi a bakina. Na ɗaga moɗar nan a gaban Diraktar da baƙo da yara duka, na yi bisimilla na sha, na sha har ya zubo mini a wuya. Na ce, "Ga shi, na karya nawa. In da laihi, bisa kaina. Buɗe bakinki, Habsu, ba roƙonki ni kai ba!"

Ta buɗe. Kaɗan-kaɗan na riƙa ba ta.

A motar baƙon aka kai ta likita, kanta a cinyata. Majo ya sa mata ruwa a jijiya, leda bayan leda. Da ya ji abin da ya faru ya ce da an ƙara kaɗan a rana, da wani zance ake yi. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Mu biyu mun san wace takarda ce ke da hannunsa da bugun mashin ɗina.

Baƙon ya wuce Madawa da la'asar. A gaban sunan Habsu ya rubuta cewa ba ta ƙarasa ba. Diraktar ya rubuta takarda yana roƙon a sake gwada ta, ni na buga, ba a taɓa amsawa ba. Ba a ɗauke ta ba, birebe ma ba ta ci ba. Ta koma Tama. Tana nan da ranta, da jikokinta, har yau in albasa ta yi sai ta aiko mini.

Mako na gaba na shiga biron Diraktar na ce daga yau ba zan ƙara buga kalmar nan ba, zan bar wurin fari, majo ya cika da hannunsa bayan ya duba. Na zaci zai yi faɗa. Ya cire tabarau ya ce, "Ki bari fari, Madam." Mushe Amadu kuwa, daga ranar tulu a bakin fili yake kwana, kuma kafin kowane gudu sai ya bi layi yana tambaya wa ke azumi.

Abin da na koya shi ne, a wannan fili babu mugu ko ɗaya. Malami yana son ta ci, baƙo yana sauri, Diraktar yana kare makaranta, majo aiki ya yi masa yawa, ni ina son Allah ya karɓi roƙonta. Kowa ya riƙe guntun abin da ya sani, ya dogara da takarda ta san sauran. Takarda kuwa ba ta san komai ba sai abin da daktilo ta buga. Ku da kuke kusa da ƙofa, sau da yawa ku ne kuke jin abin da manya ba su ji ba. In kun ji, ku faɗa tun da wuri, da babbar murya, ko da za a ce ku koma ga alƙalaminku. Kuma yaron da ya sa ransa a kan abu ba zai ce ya gaji ba, kada ku jira ya ce.

Wannan na ƙarshen ba ni na gano shi ba. Washegarin gudun da hantsi ina zaune bakin gadonta a likita ina ba ta kunu a cokali, na kasa daurewa, na ce ta yafe mini. Na ce ai na tambaye ta ko za ta karya, me ya sa ta ƙi? Ta haɗiye kunun, ta daɗe tana kallon ledar ruwan da ke rataye, sannan ta juyo.

"Tambayata kinka yi, Inna. Ni ko tun hantsi ƙishirwa za ta kashe ni, ina ta kallonki. Jira ni kai ki ce mini dole."